Dolby Atmos a Kwalin Wayarka: Me Ka Saya a Zahiri?

Ka duba kwalin sabuwar waya ko doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, sau da yawa za ka ga an rubuta Dolby Atmos. Fasahar ta gaske ce, amma tallar ta wuce gona da iri.

A tsohon tsari, wato 5.1, kowane sauti an riga an ɗaure shi da lasifikarsa. Biyar ne: ɗaya a tsakiya, biyu a gaba hagu da dama a kusurwar digiri 30, biyu can baya wajen digiri 110, sai ta shida mai fitar da kaurin sauti. Injiniya ya ce harbin bindiga ya fito daga hagu, shi ke nan. Idan ka ajiye lasifikar a wurin da bai dace ba, matsalarka ce.

Atmos, wanda ya fara da fim ɗin Brave a 2012, ya sauya tunanin. Ana ajiye ƙarar jirgi mai saukar ungulu a matsayin abu mai zaman kansa, tare da bayanin inda yake a ɗakin, har da tsayinsa, da yadda yake motsawa. Na'urarka ce za ta lissafa lasifikar da za ta ɗauke shi. A sinima tsarin na ɗaukar layukan sauti har 128, ya raba su ga lasifika daban-daban har 64, wasunsu a saman kanka. Nan kam abin sai wanda ya ji.

To, amma lissafi ba ya ƙirƙiro lasifikar da babu. Doguwar lasifikar talabijin tana harba sauti sama ne don ya bugi silin ya dawo maka kamar daga can ya fito. Hakan na buƙatar silin shafaffe, mai tauri, wanda bai yi nisa ba. In ɗakinka ba haka yake ba, tsayin nan da ka biya kuɗinsa sai ya ɓace. Waya kuwa, ƙananan lasifika biyu da tazararsu ba ta kai taƙi guda ba, ina za su kai ka?

Iyafis ya fi ba da fata, shi ya sa Apple Music ya rungumi tsarin a 2021. Sai dai ƙwaƙwalwarka tana gane sama da baya ne ta yadda lanƙwasar kunnenka ke sauya sauti, kuma kunnen kowa daban yake. Idan manhajar ta yi amfani da siffar kunnen gama-gari, wani zai ji sautin a bayansa, kai kuma ka ji shi a tsakiyar kanka.

A ganinmu, 5.1 da aka jera daidai ya fi doguwar lasifika mai araha da aka manna wa sunan Atmos. Kafin ka biya, ka ƙirga lasifikan da ke cikinta, sannan ka ɗaga kai ka dubi silin ɗinka.