Jarumai Mata a Labaran Zane: Sharhi a Kan Malika da Fearless Defenders Don Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin ƙaramar sakandare a Tudun Ƙofa ta garin Keffi yakan san jaruman kamfanin Marvel ta wayar hannu kafin ya ji sunan Sarauniya Amina a aji, alhali kuwa masarautar Keffi ta kasance ƙarƙashin Zazzau a ƙarni na 19. Wannan ne ya sa aka ga dacewar a nazarci labaran zane guda biyu masu taurari mata mayaƙa, domin a tantance ko irin wannan adabi ya cancanci gurbi a cikin littattafan ƙarin karatu na manhajar Hausa.

2.0 Jigo da Taurari

Fearless Defenders ya fito a Amurka a 2013, Cullen Bunn ya rubuta, Will Sliney ya zana, aka kuma dakatar da shi a fitowa ta 12. Labarin ya haɗa mata biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Valkyrie 'yar almarar mutanen arewacin Turai ce, mai takobi da magana irin ta fada. Misty Knight kuwa tsohuwar 'yar sandar birnin New York ce, baƙar fata mai hannun ƙarfe, wadda bakinta ba ya rasa baƙar magana. Wani kayan tarihi ne da ya tashi matattun mayaƙa ya tilasta musu haɗa kai.

Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, ɗan Nijeriya, ya fito a 2017 daga kamfanin YouNeek Studios, kuma kamfanin Dark Horse ya sake buga shi a 2021. Malika sarauniya ce kuma shugabar rundunar daular Azzaz a ƙarni na 15, tana fama da 'yan tawaye a gida da sojojin daular Ming ta Sin daga waje. Ko daga sunan daular mai karatu zai gane cewa Amina ta Zazzau ce tushen tauraruwar.

3.0 Salo

Ƙarfin littafin farko yana ga raha. Kowace daga cikin matan biyu tana rage wa ɗayar girman kai, har mai karatu ya ga jarumar tana kuskure kamar kowa. Wannan salo ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin kuwa shi ne wasan da ke tsakanin taubasai, ko tsakanin Katsinawa da Nufawa, inda zolaya take ƙara danƙon zumunci. Rauninsa shi ne, da aka yi nisa sai aka cika fage da jarumai mata da yawa, wasan mutum biyu da ya riƙe labarin ya dusashe. Haka nan suturar taurarin da wasu fitowa na soyayya ba su dace da ajinmu ba.

Malika ya fi shi nauyin jigo da kyan sutura da kusanci da ɗalibi, amma raha ta yi ƙaranci a cikinsa. Sarauniyar tana ɗauke da nauyin mulki daga farko har ƙarshe, da wuya a ga dariyarta. Babbar matsalarsa ga malami ita ce gwama tarihi da ƙage. Kundin Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa, har Sarkin Nufe ya aiko mata da bābanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuma suna sanya ta a ƙarni na 16. Babu inda aka ce ta gwabza da Sinawa. Yaron da ba a faɗakar da shi ba zai iya rubuta yaƙin Ming a takardar jarrabawar tarihi.

4.0 Shawarwari

Ba a ba da shawarar sanya ko ɗaya daga cikin littattafan biyu a manhaja yadda suke ba, tun da da Ingilishi aka rubuta su. Abin da ya kamata shi ne hukumar NERDC ta nemi marubuta da masu zane su samar da na Hausa, wanda zai ɗauki rahar na farko da mutuncin na biyu. Taurari kuwa muna da su. Ana iya haɗa Amina da Sarauniya Mangu ta Lugu a Jamhuriyar Nijar, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ɗaya ta fita cin ƙasa, ɗaya ta tsaya kare garinta daga maci ƙasa, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya haifar da zolaya da muhawara a kan ma'anar jarunta. Sharaɗin shi ne a ware shafi a ƙarshen littafin da zai bayyana cewa ƙarnoni ne tsakaninsu, ba su taɓa haɗuwa ba.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa labarin zane yana iya koyar da jigo da zubi da siffanta taurari, matuƙar malami ya raba wa ɗalibi tarihi da ƙage. Makarantun Tudun Ƙofa, inda yara masu harsunan gida daban-daban suke hulɗa da Hausa, wuri ne da ya dace a fara gwada irin wannan littafi kafin a yaɗa shi.