Labaran Intanet a Darasin Sauraron Jamusanci: Sharhi a Kan Wata Dabarar Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙwarewar harshe guda huɗu, wato sauraro da magana da karatu da rubutu, sauraro ne ya fi wahalar koyarwa a ƙasar da ba a jin harshen a kasuwa ko a bakin titi. Haka lamarin Jamusanci yake a Nijeriya, inda jami'o'i irin su na Ibadan da Ile-Ife da Nsukka, da kuma cibiyar Goethe da ke Legas, suke koyar da shi. Da yawa daga cikin ɗalibai muryar malaminsu ce kaɗai Jamusancin da kunnensu ya saba da shi. Saboda haka ne malamai suka yi maraba da labaran da kafofin Jamus ke sakawa a intanet, har wasu na ganin an sami maganin matsalar. Wannan sharhi zai auna dabarar. Matsayinmu shi ne, labarai kayan aiki ne masu amfani, amma saurin magana, wanda aka fi mayar da hankali a kansa, ba shi ne babban abin da ke hana ɗalibi fahimta ba.

2.0 Kayan da Malami Zai Tarar

Kayan da ake magana a kansu kashi uku ne. Na farko, labaran da aka shirya domin Jamusawa, irin su Tagesschau, shirin talabijin da aka fara a 1952, wanda babban zangonsa na ƙarfe 8 na dare yake ɗaukar minti 15. Na biyu, labaran da aka rage wa sauri domin masu koyo, kamar Langsam gesprochene Nachrichten na Muryar Jamus, wato Deutsche Welle, wanda ke zuwa tare da rubutaccen matani. Na uku, labaran da aka sauƙaƙa harshensu tun daga tushe, kamar nachrichtenleicht na gidan rediyon Deutschlandfunk, da kuma Tagesschau cikin sauƙaƙan harshe da aka fara a 2024.

Ba mu musa alfanun waɗannan ba. Kyauta ne, sababbi ne kullum, furucinsu daidaitacce ne, kuma ana iya sauke su a waya a saurara ko da babu lantarki a aji. Sai dai kowane kashi yana da matakin ɗalibin da ya dace da shi. Ma'aunin ƙwarewar harsuna na Turai da aka wallafa a 2001 ya kasa masu koyo zuwa matakai shida, daga A1 zuwa C2. A bisa wannan ma'auni, ɗan matakin B1 yakan kama muhimman batutuwan labarai ne idan an yi magana a hankali kuma a fili, sai a matakin B2 ake sa ran ya fahimci yawancin labaran talabijin. Ke nan malamin da ya kunna wa 'yan shekarar farko Tagesschau ya ɗora musu kayan da suka fi ƙarfin wuyansu.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

3.1 Ginin jimla

Labarai rubutu ne da ake karantawa da baki, don haka suna ɗauke da duk nauyin rubutaccen Jamusanci. Mu dubi wannan jimla da muka gina don misali: Die Regierung lehnt den Vorschlag der Opposition ab. Ma'anarta, gwamnati ta ƙi amincewa da shawarar 'yan adawa. Aikatau a nan shi ne ablehnen, amma ya rabu biyu: lehnt ya zo a matsayi na biyu, ab kuma ya koma ƙarshen jimla. Ɗalibin da ya saba da tsarin Hausa, inda aikatau ke biye da mai aikatawa a dunƙule, dole ne ya riƙe rabin kalma a ka har jimla ta ƙare kafin ya san abin da aka yi. A ganga dogarau kuwa, aikatau ɗungurungum ne ke komawa ƙarshe. Rage sauri ba ya sauya wannan tsari. Hasali ma yana tsawaita lokacin da ɗalibi zai yi yana jiran ƙarshen jimlar, ta yadda wani kan manta farkonta kafin a kai can.

3.2 Maganar wani

Mai karanta labarai yakan ruwaito abin da wasu suka faɗa ne, kuma Jamusanci yana da sigar aikatau ta musamman domin haka, wadda ake kira Konjunktiv I. Idan aka ce Die Lage ist ernst, an tabbatar cewa al'amari ya tsananta. Idan kuwa aka ce Die Lage sei ernst, ana nufin wani ne ya ce haka. Hausa tana yin wannan aiki da cikakkun kalmomi, irin su "wai" da "in ji" da "a cewar". Jamusanci yana yin sa da gaɓa guda, kamar tsakanin hat da habe. Wannan siga ta cika labarai, amma littattafan koyo kan jinkirta ta sai matakan gaba. Ɗalibin da ba a koya masa ita ba zai ɗauki iƙirarin ɗan siyasa a matsayin tabbataccen labari, alhali yana ganin ya fahimci komai.

3.3 Lambobi da harɗaɗɗun kalmomi

Babu labarin da ba ya ɗauke da adadi. Bajamushe yana kiran 21 einundzwanzig, wato ɗaya da ashirin, kamar yadda Larabci ke yi. Ɗalibin da ya yi karatun Larabci zai ga abin ba baƙo ba ne, idan malami ya nuna masa kamancin. Haka nan halb acht bakwai da rabi ne, ba takwas da rabi ba. Ga kuma harɗaɗɗun sunaye irin su Bundesverfassungsgericht, kotun tsarin mulki ta tarayya, wanda kalmomi uku ne a cure. Ido yana iya rarraba su a takarda, kunne kuwa sai an horar da shi.

3.4 Sanin ƙasa

Mai shirya labarai a Jamus yana ƙaddara cewa mai saurarensa ya san bambancin majalisar Bundestag da ta Bundesrat, ya san jihohin ƙasar 16 ne, ya kuma san ragamar gwamnati tana hannun Bundeskanzler ne, ba shugaban ƙasa ba. Ɗan Nijeriya da ya ji Ministerpräsident zai zaci wani babban minista ne a tarayya, alhali a yawancin jihohin Jamus shi ne kwatankwacin gwamna. Irin wannan giɓi ba na kunne ba ne, kuma maimaita sauraro sau goma ba zai cike shi ba.

4.0 Abin da Labarai Ba Su Koyarwa

Ko da ɗalibi ya ƙware a duk waɗannan, akwai Jamusancin da ba zai tarar a bakin mai karanta labarai ba. Babu tambaya da amsa, babu katse magana, babu haɗiye gaɓoɓi kamar yadda haben wir kan koma hamwa a hira. Babu kuma ƙananan kalmomin nan irin su doch da mal da halt, masu aiki irin na "dai" da "fa" da "kam" a Hausa. Wannan yana da nasaba kai tsaye da makomar ɗalibi. Jarrabawar Goethe ta matakin B1 tana da sassa huɗu, ana kuma buƙatar maki 60 cikin 100 a kowanne. Sashen sauraro ya ƙunshi gajerun sanarwowi da saƙonni, da jawabin mutum guda, da hira tsakanin mutum biyu, da muhawarar rediyo. Wanda aka shayar da labarai zalla zai shiga wannan jarrabawa, mai tsadar gaske ga iyayensa, da rabin shiri.

Akwai kuma matsalar yadda ake gudanar da darasin. Abin da aka saba shi ne a kunna sauti, a raba tambayoyi, a duba amsa. John Field, a littafinsa na 2008 kan sauraro a ajin harshe, ya soki wannan hanya da cewa gwada sauraro take yi, ba koyar da shi ba. Muna tare da shi. Ɗalibin da ya faɗi tambaya ya san ya faɗi, amma bai san ko sauti ne ya kuɓuce masa, ko kalma, ko ginin jimla ba.

5.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Na farko, a bayyana mataki a manhaja: sauƙaƙan labarai daga ƙarshen A2, masu rage sauri daga ƙarshen B1, na asali a B2.

Na biyu, a shigar da Konjunktiv I da aikatau masu rabuwa da lambobi a matsayin darussan kunne kafin a fara labarai, ko da ba a buƙaci ɗalibi ya yi amfani da su a maganarsa ba.

Na uku, a cike giɓin sanin ƙasa kafin sauraro. Ɗalibi mai jin Hausa yana da gata a nan, domin Muryar Jamus tana da sashen Hausa. Malami na iya sa shi ya saurari batun da Hausa tukuna, sa'an nan ya tunkari na Jamusanci da sanin abin da ake magana a kai.

Na huɗu, a taƙaita. Labari guda na minti ɗaya da aka saurara sau uku, aka rubuta jimla biyu daga cikinsa, aka gwada da matani don gano inda kunne ya yi tuntuɓe, ya fi minti 15 na sauraro kara zube. Matani ya zo a ƙarshe, don kada darasin ya koma na karatu.

Na biyar, kada labarai su mamaye sa'o'in sauraro. A haɗa su da hirarraki da sanarwowin tashar jirgi da tattaunawar yau da kullum.

6.0 Kammalawa

Wannan sharhi ya nuna cewa samun labarai a intanet ya magance ƙarancin sauti, amma bai ɗauke wa malami aikinsa ba. Darasin ya shafe mu ma, mu da ke tsara manhajar Hausa ga waɗanda ba harshensu na gado ba ne, domin Hausar labaran rediyo daban take da Hausar kasuwar Kurmi. Muna ba da shawarar duk manhajar da za ta ambaci labarai ta fayyace mataki, da tsawon sauti, da abin da ake son kunnen ɗalibi ya koya a kowane darasi.