Ganɗoki da Alƙalin da Ya Rubuta Shi

A Kasuwar Kure ta Minna, in aka ambaci Kagara yau, abin da ke fara faɗo wa mutane shi ne ɗaliban da 'yan bindiga suka sace a 2021. Amma garin nan na hanyar Tegina shi ya ba adabin Hausa wa da ƙane, Malam Bello Kagara da Abubakar Imam. A gasar rubutun littattafai da Dokta Rupert East ya shirya a 1933, ƙanen ya kawo Ruwan Bagaja, wan ya kawo Ganɗoki. Sunan ƙanen ya danne na wan, har ba kowa ya san Bello ya ƙare a kan buzun shari'a ba.

Gado ya yi, don mahaifinsu Malam Shehu Usman alƙali ne. An haifi Bello a 1890, ya yi makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya daɗe yana koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, sannan aka ba shi alƙalancin Katsina da sarautar Wali. Ya rasu a 1971.

Ni a ganina, tun a cikin Ganɗoki alƙalin yake zaune. Farkon littafin shaida ce ta wanda abin ya ratsa gidansu: Turawa sun ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa, iyayen Bello na cikin masu ƙaura, shi kuwa yana yaro. Nan marubucin yana kiran garuruwa da sarakuna da sunayensu, har zuwa Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903. Kirari yana tashi, takobi yana aiki, amma bai taɓa ba jaruminsa Ganɗoki nasarar da tarihi ya hana ba. Ɗan alƙali ya san shaidar zur ba ta tsayawa alhali waɗanda suka ga yaƙin suna raye.

To ina za a kai jarumin da aka ci ƙasarsa? Sai Bello ya tura shi gabas, cikin aljanu da sarakunan da babu mai ƙaryata su, shi da ɗansa Garba Gagare, su yi ta cin yaƙi suna musuluntarwa. Akwai masu ganin nan littafin ya karye biyu. Ya karye, amma ba don rashin gwaninta ba. Malamin gwamnati ne ke rubuta wa hukumar gwamnati, Bature ne zai duba, don haka ya ɗauke ramuwar ya kai ta inda Razdan ba shi da iko. Abin da ya fi raunana littafin shi ne dawowar Ganɗoki gida, inda ya sauko ya yaba sabon zamani cikin gaggawa, sulhun da ba a ji ya kai zuci ba.

Bayan Bello ya hau shari'a, littafin da aka san shi da shi tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, ba aljani ko ɗaya a ciki.