Waƙar Band Aid ta 1984 da yunwar ƴar Buhari: nazari kan wakilin suna guda

Ranar 25 ga Nuwamba 1984 wasu mawaƙan Ingila da maƙwabtanta suka taru a Landan ƙarƙashin sunan Band Aid, suka ɗauki waƙar Do They Know It's Christmas? wadda Bob Geldof da Midge Ure suka tsara. Hotunan yunwar Habasha da BBC ta nuna a watan Oktoba ne suka tada su. Faifan ya fito farkon Disamba, ya yi mako 5 yana kan gaba a kasuwar Ingila, an sayar da fiye da miliyan 3, aka tara wajen fam miliyan 8. Wani kaso na taimakon da ya biyo baya ya iso ƙasashen Sahel, har da Nijar. Wannan ba mu ja da shi ba.

Abin da za mu duba a nan shi ne taken waƙar. Jimla ce ta tambaya, kuma aikau ɗinta wakilin suna ne na mutum na uku jam'i, watau «su». A ƙa'idar nahawu irin wannan wakili yana komawa ga sunan da aka riga aka ambata. A waƙar kuwa, sunan wuri guda da ake ji shi ne Afirka. Ta haka manomin Korem da na Matankari suka faɗa cikin «su» ɗaya, ana magana a kansu, ba a magana da su. Tambayar ma ba ta neman amsa: Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, Kirsimetinta ranar 7 ga Janairu take. Waƙar ta kuma siffanta nahiyar da ƙasar da babu ruwa babu shuka. Wanda ya taɓa ganin lambunan rani a dallol Mawri zai yi murmushi.

To, a waccan shekarar ita ma Arewa tana cikin yunwa. Damina ta ƙi, gero bai yi ba. Al'adar mutanen Dogondutsi da Tibiri idan rumbu ya kasa ita ce su ƙetara kasuwannin Najeriya, su sayar da dabba su auno hatsi. Amma tun Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyaka lokacin canjin kuɗin naira, ba a buɗe ba sai 1986. Sai jama'a suka raɗa wa yunwar suna ƴar Buhari, wanda rubuce-rubucen Faransanci suke kawowa El Bohari. Muna yara lokacin, mun san wannan suna shekaru da yawa kafin mu ji labarin faifan Landan.

Kwatanta maganganun biyu yana da amfani. Sunan Hausa yana bin tsohuwar hanya ta sa wa kowace yunwa nata suna, kamar Kakalaba ta 1913-1914. Yana da mai yi, yana nuna dalili: mutum ne ya yanke shawara, hanya ta toshe. Waƙar Ingilishi ta jingina kome ga rana da rashin ruwa, ba ta ambaci yaƙin basasar Habasha ko gwamnatin Mengistu ba. Sai dai kada mu yi wa sunan namu kirari fiye da kima. Shi ma yana da abin da ya rufe: a zamanin mulkin soja na Seyni Kountché, ambaton shugaban maƙwabta ya fi sauƙi ga baki da ambaton na gida.

Muna zaton rashin suna a cikin «su» ne ya sa faifan ya sayu, don mai saye yana iya zuba duk fuskar da ya ga dama a ciki. Shi ne kuma ya jawo masa suka daga baya. A 2014, da aka sake waƙar saboda cutar Ebola, Fuse ODG, mawaƙi ɗan asalin Gana, ya ƙi shiga. A 2024 Ed Sheeran ya ce da an nemi izninsa da bai yarda a sake amfani da muryarsa ba.