Ɗurin Hannu da Farautar Barewa a Amurka

An daɗe ana cewa zamanin ɗurin hannu, wato mutum ya ɗura harsashinsa da kansa, ya wuce a farautar barewa ta Amurka. Masu faɗin haka hujja biyu suke kafawa. Ta farko, wai harsashin kanti ya kai matsayin da babu abin da mutum zai ƙara masa a ɗakinsa. Ta biyu, wai babu riba: kafin ka sayi na'urar matsa kwanso da sikeli da albarushi da ƙwayoyi, ka kashe kuɗin harsashin shekaru masu yawa, alhali kwali ɗaya mai ashirin kan ishi mafarauci kaka biyu. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin duka biyun, amma sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ɗurin hannu ke ba mutum shi ne ikon haɗa ƙwayar da ta dace da gudun da ya dace, domin bindigarsa da kuma dajin da yake shiga. Kamfani bai san inda za ka laɓe ba, bai san nisan da za ka yi harbi ba.

Tarihin gajere ne. Bafaranshe Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884. A 1895 kamfanin Winchester ya fitar da harsashin .30-30, sojan Amurka suka ɗauki .30-06 a 1906, sai .270 ya biyo baya a 1925. Ɗurin hannu irin na yau kuwa rashi ne ya raine shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu harsashin farauta ya yi wuya, har Vernon Speer ya riƙa tattara kwanson ƙaramin harsashi .22 da aka riga aka harba yana yi wa ƙwayoyi riga da shi. Fred Huntington ya kafa kamfanin RCBS a 1943, Bruce Hodgdon ya shiga sayar da ragowar albarushin soja bayan yaƙi, Joyce Hornady ya buɗe nasa kamfanin ƙwayoyi a Nebraska a 1949. Maharbinmu mai adaka ba zai ji baƙuncin lamarin ba, don shi ma da hannunsa yake ɗura bindigarsa. Bambancin dai shi ne can ana auna albarushi a sikeli har zuwa ɗaya bisa goma na giren, giren ɗin da sai an tara kusan goma sha biyar da rabi ake samun giram ɗaya.

Marubuta sun ɓata shekaru kan muhawarar Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life, mai son .270 da ƙwaya marar nauyi mai gudu, da Elmer Keith, mai son ƙwaya babba mai nauyi. Har gobe akwai masu ɗaukar ɓangare. Ni ban ga abin ɗaukar ɓangare ba. Faɗin bakin bindiga suke ta ja-in-ja a kai, alhali abin da ke yanke hukunci a jikin dabba shi ne yadda aka gina ƙwayar da irin gudun da ta iso da shi.

A duba ƙwayar da aka fi sani. Cikinta dalma ce, an sa mata rigar jan ƙarfe, an bar bakinta a buɗe. Rigar siririya ce wajen baki, tana ƙara kauri zuwa gindi. Idan ta bugi nama, dalmar bakin ta baje, rigar ta tsage ta nannaɗe baya, kan ya yi faɗi kamar laimar kwaɗi, gindin kuma ya ci gaba da turawa. Core-Lokt na Remington, wanda ya fito tun 1939, an ƙara masa kaurin riga a ƙugu don ya riƙe dalmar kada ta fice. To, wannan bajewa tana da iyaka sama da ƙasa. Idan ƙwayar ta iso da gudun da ya gaza kimanin mita 550 a daƙiƙa, da ƙyar take buɗewa, sai ta huda ta wuce ta bar ƙaramin rami. Idan kuma ta iso da fiye da kimanin mita 850 ko 900, sai ta tarwatse a kan ƙashin kafaɗa kafin ta kai huhu. Aikin mai ɗurin hannu kacokan shi ne ya tsare ƙwayarsa tsakanin waɗannan iyakoki biyu a duk nisan da zai iya yin harbi.

Wannan ne ya sa tsohon .30-30 bai daina cika tukunya ba. Ƙwayarsa mai giren 170 tana barin bakin bindiga da wajen mita 670 a daƙiƙa, kuma an yi rigarta da laushin da ya dace da wannan gudu. A kurmin Pennsylvania ko Michigan, inda barewa mai farar wutsiya kan ɓullo a mita arba'in ko hamsin, babu abin da ya rage masa. Amma sai ka ga mutum ya shiga wannan kurmi da .300 Winchester Magnum da ƙwaya mai giren 150, wadda ke fita da kusan mita 1,000 a daƙiƙa. In ya dace, kafaɗa ɗaya ta zama jini da tsakin ƙashi, nama ya tafi a banza. In bai dace ba, dabba ta gudu da mummunan rauni a fata. Sauri kan haifi nawa.

Za a ce ai John Nosler ya magance wannan. A 1946, a British Columbia ta Kanada, ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa da ake kira mus, jikinta duk busasshen taɓo, da .300 H&H, ƙwayoyin suka riƙa fashewa ba su ratsa ba. Ya koma gida ya ƙera Partition, ya fara sayarwa a 1948: ƙwaya mai ɗaki biyu, da katangar ƙarfe a tsakani, gaba ya baje, baya ya tsaya ƙyam ya ci gaba da ratsawa. Aiki ne na gwani, babu musu. Sai dai darasin mus ne, dabbar da kan haura kilo 500. Barewa mai kilo 60 ko 80, mai siririn haƙarƙari, ba ta buƙatar abin da aka ƙera don fasa taɓo da ƙashin ƙato. Masu saye sun ɗauki maganin babbar dabba sun ɗora wa ƙarama, kamfanoni kuma suka bi su da ƙwayoyi masu ƙara tauri da ƙara tsada.

Yadda mai ɗuri ke gano gaskiya ya fi komai burge ni. Zai tara tsofaffin jaridu ya ɗaure su dami-dami, ya jiƙa su kwana ɗaya, ya jera su a daidai nisan da yake harbi a daji. Bayan harbi sai ya bi ramin da yatsa, yana buɗe shafi bayan shafi, yana duba inda ramin ya fara faɗi da inda ya tsaya. Ya zaro ƙwayar, ya wanke, ya ɗora a sikelin nan da ya auna albarushi. Ta riƙe rabin nauyinta ko fiye? Kanta ya kusa ninka faɗinsa na asali? Ko rigar ce kawai a hannunsa, wayam, dalmar ta yi nata waje? Jarida ba nama ba ce, amma tana nuna bambancin ƙwaya da ƙwaya ba ƙarya. Haka yake karanta kwanson ma. Daga mafi ƙarancin awon da littafin kamfani ya gwada yake farawa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana duba ko ɗan ƙyastun gindin kwanso ya shafe, ko sakatar bindiga ta fara tauri wajen buɗewa. Mai hankali ba ya jiran waɗannan alamu, kuma ba ya ƙetare iyakar littafi. Sau da yawa ma awon da ya fi daidaita saiti yana ƙasa da ƙololuwa.

Masu bautar takardar bara, waɗanda ba sa barci sai harbi uku sun taɓa juna a mita ɗari, su ma sun yi wa sana'ar illa. Huhu da zuciyar barewa sun kai faɗin santimita ashirin. Abin tambaya shi ne inda harbin farko ke sauka daga bututu mai sanyi, da safiyar Nuwamba, hannu na rawa.

Hujja ɗaya ce nake ɗauka da muhimmanci, ita ce ta dalma. A 2008 hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta yi gwaji da hoton ƙashi, ta ga ɓurɓushin dalma na watsuwa nesa da ramin harsashi, musamman daga ƙwayoyi masu saurin bajewa. California ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019, saboda gubar da ke kashe ungulun da ake kira kondo, masu cin kayan cikin da mafarauta ke bari. Ƙwayar jan ƙarfe zalla, irin wadda Barnes ya fara da X a 1989, kusan ba ta zubar da komai na nauyinta. Amma ita gudu take so kafin ta buɗe, don haka dole a rage nauyi a ƙara sauri, a kuma taƙaita nisa. Ka ga an dawo kan magana ɗaya: ginin ƙwaya shi ke faɗin gudun da za a ba ta, kuma wanda ya ɗura ya gwada da hannunsa shi ya fi kowa sanin haka.

Inda doka ta bar dalma, kuma harbi bai wuce mita 200 ba, .30-06 ko .308 da ƙwaya ta gama-gari mai giren 165, a gudun wajen mita 800 a daƙiƙa, ta fi duk wani magnum dacewa da barewa. Ba ta dukan kafaɗar maharbi har ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, ba ta ɓarnar nama, kuma tana kashewa da wuri, wanda shi ne haƙƙin dabbar a kan mai harbinta.