Tsokaci a kan Hujjar Bentley Game da Dabarar Raba-Biyu

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi tsokaci a kan hujjar da Jon Bentley ya kafa, a littafinsa Programming Pearls na shekarar 1986, don tabbatar da ingancin wata dabara ta neman abu cikin jeri da kwamfuta, wadda za mu kira dabarar raba-biyu.

Ita dai dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa neman kalma a ƙamus. Sharaɗinta guda ne, wato jerin ya kasance a shirye daga ƙarami zuwa babba. Sai a dubi abin da yake tsakiya. In shi ake nema, an gama ke nan. In ya ɗara abin nema, a zubar da rabin sama, in kuwa ya gaza, a zubar da rabin ƙasa, sa'an nan a sake duban tsakiyar abin da ya rage. Da yake kowane dubi rabi yake zubarwa, dubi 10 ya ishi jeri mai abu 1,000, dubi 20 ya ishi miliyan ɗaya, 30 kuma biliyan ɗaya.

Sai dai sauƙin nan yana da ruɗi. John Mauchly ya ambaci dabarar tun 1946, amma sai a 1960 D. H. Lehmer ya fitar da sigar da take aiki da jeri komai tsawonsa. Shi kansa Bentley ya ba ƙwararrun masu tsara manhaja aikin rubuta ta, ya tarar wajen tara cikin goma sun yi kuskure. Wannan ne ya sa ya bi hanyar hujja. Ya kafa ƙa'ida ɗaya wadda ba ta sauyawa: in har abin nema yana cikin jerin, to, yana tsakanin iyakar ƙasa da iyakar sama. Ya nuna ƙa'idar tana nan kafin a fara, tana nan bayan kowane zagaye, kuma tazarar iyakokin kullum raguwa take yi, saboda haka tilas aikin ya tsaya. A ganinmu, wannan bayani ya cancanci yabo, kuma har yanzu ba mu ga dalilin da zai sa malami ya bar shi ba.

Inda muke da ja shi ne wurin fitar da tsakiya. Bentley ya haɗa iyakokin biyu ne, ya raba jimlar biyu. A lissafin allo babu aibi, domin lambobi ba su da ƙarshe. Amma na kwamfuta suna da shi. A harshen Java, alal misali, lamba ta yau da kullum ba ta wuce 2,147,483,647. Jimla in ta haye nan, sai ta juye ta koma ƙasa da sifiri, manhaja ta nufi gurbin da babu shi. Joshua Bloch, wanda ya taɓa sauraron darasin Bentley a Jami'ar Carnegie Mellon, shi ya bayyana wannan a 2006, bayan kuskuren ya yi wajen shekara tara a sigar da shi da kansa ya rubuta wa Java. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne: a ɗebe iyakar ƙasa daga ta sama, a raba saura biyu, a ƙara a kan ta ƙasa.

Ba za mu tsananta wa Bentley ba, tun da yake kuskuren ba ya bayyana sai jeri ya haye biliyan, abin da ƙananan injunan 1986 ba sa iya riƙewa. Amma duk da haka hujjar ta dogara a kan zaton cewa tarawar inji daidai take da ta allo, kuma mai karatu yana iya gama babin bai lura da wannan zato ba.

Muna ba 'yan'uwa malamai shawarar su nuna wa ɗalibai abin da ƙananan lambobi. A ɗauka inji ba ya riƙe abin da ya wuce 127, iyakar ƙasa 70, ta sama 100. Jimlar 170 za ta juye ta zama −86, rabinta −43, alhali hanyar da aka gyara tana ba da 85.