Taswira da 'Yan Mutum-mutumi a Fagen Yaƙin Dungeons & Dragons

Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ƙagaggen labari ne da ake ginawa da baki a gefen tebur. Jagora ke siffanta duniyar labarin, sauran 'yan wasa kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da yawunsa, kana a jefa 'ya'yan ludo, wani mai fuska har ashirin, su yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Wannan sharhi zai dubi halin da labarin kan shiga idan faɗa ya kaure, aka shimfiɗa taswira mai gidaje kamar na dara, aka jera 'yan mutum-mutumi a kanta.

Wannan al'ada gado ce. Gygax ya riga ya fitar da wasan yaƙi mai suna Chainmail a 1971 tare da Jeff Perren, kuma tun a 1824 rundunar Farusha take horar da hafsoshinta da yaƙin kan taswira. Ke nan kayan hafsan soja ne suka faɗo hannun mai ba da labari.

Amfaninsu a fili yake. Tauraron da ɗan wasa ya yi wata shida yana raino zai iya mutuwa a dare ɗaya. To, wutar da dodo ya feso ta kai gare shi, ko yana bayan ginshiƙi? In babu taswira, maganar jagora ce kawai, kuma nan zargin son kai ke shigowa. Taswira kan raba gardama kafin ta taso.

Sai dai akwai abin da take ci a madadin haka. Bugu na huɗu na wasan, na 2008, ya auna tafiya da nisa da gidaje, kowane gida ƙafa biyar. Zagayen faɗa ɗaya daƙiƙa shida ne a cikin labari, amma karon da bai kai minti ɗaya ba yakan cinye sa'a guda a tebur. Ɗan wasan da ɗazu yake cewa "na zare takobi jikina na rawa" ya koma ƙidayar gidaje da yatsa. Mafi muni, abin da ba a zana ba kan fita daga ran kowa: ba mai tuna fitilar da za a iya turewa, ko labulen da za a iya cinna wa wuta. Mai tatsuniya bai taɓa auna faɗin kogon Dodo ba, amma yara kan ji tsoronsa. Bugu na biyar, na 2014, ya mayar da gidajen zaɓi, kuma a ganina ya kyauta.

Inda jigon faɗan shi ne wuri, kamar mutum uku su tare siririyar gada, a shimfiɗa taswira, don taku ɗaya ma magana ne. Amma in wa da ƙane ne suka zare wa juna wuƙa a kan gadon uba, tazarar ƙafa biyar da ke tsakaninsu ba ta cikin abin da masu sauraro ke jira su ji.